Gwandar Dajin Potomac

Asabar, 25 ga Agusta, 2012

Jibi za mu tafi daji. Abban Haula ne ya tsiro da shi, mutumin da in ya ga gizo-gizo a banɗaki sai ya ƙwala mini kira. Wai ya ɗauki hutun mako guda a gidan rediyo, ya kama mana ɗakin katako a bakin kogi, can wajen Harpers Ferry. Shekara goma sha biyar muna Woodbridge, hutunmu bai taɓa wuce zuwa Mitchellville cin tuwon suna ba. Na san dalili, ba yarinya ba ce ni.

Tun da na ce a watan Disamba zan koma gida da Haula da Rumasa'u in sa su makaranta a Kano, gidan nan ya zama kamar ɗakin jiran likita. Shi bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai ya cire tabarau ya yi ta gogewa. Haula, mai shekara goma sha huɗu, ta daina kallon idona. In na yi mata Hausa ta mayar da Turanci, shi ma kalma ɗaya-ɗaya kamar saye take yi. Yaya Ubale ya samo makarantar, yana jira in ce a riƙe musu gurbi.

Na ba yakuwata da barkono ruwa sosai don su jira ni. Duk a bokiti suke, jere a bayan kicin. Ga fili a bayan gida, ciyawa ce kawai. Ban taɓa sa komai a ƙasar nan ba, mai shirin tafiya me ya kai shi.

Gwangwanin yana jakar hannuna, kamar kullum in za mu kwana a waje. A gidanmu in cibiyar jariri ta faɗi, kakata Iya ce ke binne ta a gindin tsamiyar tsakar gida. Tawa tana can, ta Yaya tana can. Na yaran nan a Amurka suka faɗi, na naɗe kowace a ƙyalle na sa a ɗan gwangwanin alawa. Mun je gida sau biyu ban kai ba. Na ce ba ranar ziyara ba, sai ranar komawa.

Litinin, 27 ga Agusta

Mun iso. Muka sha cunkoson babbar hanya kamar masu zuwa aiki, sannan motoci suka ragu, duwatsu suka fara tashi, shuɗi-shuɗi daga nesa. Na sauke gilashi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ashe a ƙasar nan ma akwai shi, siminti ne ya rufe mana.

Mai ɗakin wata tsohuwa ce Baƙar Amurka, sunanta Edna, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Gidanta na kan tudu, namu a ƙasa kusa da ruwa. Ta riƙe hannuna da nata biyu, ta tambayi sunana, ta maimaita har sai da ta kusa iya ɗ ɗin Ɗija. Na so ta nan take, abin ya ba ni haushi, don ban zo nan in so kowa ba.

Waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Haula ta yi fuska kamar an yi mata rasuwa.

Talata, 28 ga Agusta

Hazo a kan kogi har hantsi. Ban yi komai ba yau. Na zauna a kan dutse ina kallon ruwa, har na fara jin kamar shi ne a tsaye, ni ce ke tafiya.

Laraba, 29 ga Agusta

Mun shiga tsohon garin. Nan koguna biyu suke haɗuwa, Potomac da Shenandoah, ya tuna mini da Lokoja da na taɓa gani daga tagar motar haya. Gidajen dutse, hanyoyi masu hawa, gwiwata ta gaya mini shekaruna.

Abban Haula bai iya hutu ba. Duk allon tarihi da muka tarar sai ya tsaya ya karanta, ya fassara mana da muryarsa ta rediyo, har da gyaran murya. Turawa suna waiwaye. Rumasa'u ta ɓoye a bayan mayafina. Amma na saurara. Labarin bayi ne: gonakin da suka yi noma, waɗanda suka tsallake ruwan nan da ƙafa da iyo, wani Bature da ya tayar da bore don a sake su aka rataye shi, da makarantar da aka gina wa 'yantattu a kan tudu daga baya.

Rumasa'u ta tambayi Abbanta ko akwai Hausawa a cikinsu. Ya ce Allah ne masani, amma ba mamaki.

Sai Haula, ba ta kalli kowa ba, ta ce da Turanci, su ma ɗauke su aka yi aka kai wata ƙasa ba a tambaye su ba.

Abbanta ya kira sunanta sau ɗaya, ta yi shiru. Na ji maganar har cikin haƙorana. Ni da na goya ta, ni ce yau mai jirgin bayi? Gida zan kai ta, gidan kakanninta. Na san ita ma ta san ta wuce gona da iri, don a mota ta miƙo mini ruwa ba tare da na tambaya ba. Ban sha ba. Daga baya na sha.

Alhamis, 30 ga Agusta

Ban san yadda zan rubuta yau ba.

Edna ta zo da sandarta da kwando ta ce mu bi ta, akwai abin da ya fara nuna a daji. Muka bi wata 'yar hanya a gefen kogi, ƙarƙashin manyan itatuwa, haske na saukowa a yayyage. Ina baya, ina jan ƙafa, ina tunanin maciji. Sai ƙamshin ya same ni.

Na tsaya cik. Ban ga komai ba tukuna, amma na riga na bar wurin. Ina da shekara tara, ina bayan Tudun Wada ta gefen dajin Falgore, awakin Iya sun watse, zanena ya jiƙe da raɓa, ni da ƙawayena muna bin hanci muna neman gwandar daji kafin birai su riga mu. Har na ji muryar Iya daga nesa tana cewa in na dawo ba awaki kada in shigo mata gida. Wallahi na ji ta.

Itatuwan 'yan sirara ne, ganyensu manya suna rataye kamar kunnen tunkiya. 'Ya'yan kore-kore, tsawon tafin hannu. Edna ta ce sunansu pawpaw, amma ba gwandar gida ba ce, ko kusa. Ta fara bayanin cewa ba a tsinka, girgiza itacen ake yi a hankali, wadda ta faɗo ita ce ta yarda a ci. Kafin ta gama na riga na kama wani ina girgizawa. Ta yi dariya ta ce wa ya koya mini. Na ce kakata. Ta ce ita ma.

Na tsaga ɗaya da yatsa. Cikinta rawaya, laushi kamar kindirmo, da manyan ƙwallaye baƙaƙe masu sheƙi. Na sa a baki. Ba ita ba ce daidai, tamu ta fi ƙanƙanta, ta fi ja, ta fi yawan 'ya'ya. Amma 'yar uwarta ce, ko a gaban alƙali zan faɗa. Na ci uku a tsaye, ruwan na bin gwiwar hannuna. Abban Haula yana gefe yana cewa, Ɗija, kin tabbata ba guba ba ce? Na ce in guba ce ka bar ni da ita.

Haula ta yi dariya. Dariyarta ta da, mai fita ta hanci. Ta ce ba ta taɓa ganin ina cin abu kamar yarinya ba. Ta ci rabi, ta yatsine fuska, sannan ta cinye.

Edna ta ce tun kafin Turawa su zo, mutanen asalin ƙasar nan suke cinta, an ce su ne suka yaɗa ƙwallayen a bakin koguna duk inda suka sauka. Bayi masu gudu ma da ita suka riƙe ciki. Ba a samunta a kanti, ba ta jure tafiya. Shekara goma sha biyar tana nan bayan gidana, tana nuna tana faɗuwa, ni ina can ina aika a kawo mini busasshiyar kuka a akwati.

Bayan azahar barci ya ɗauke ni a baranda. Na yi mafarkin tsamiyar gidanmu ta tsiro a tsakiyar kogin nan, Iya na zaune a gindinta tana kaɗi, ruwa na wucewa bai jiƙa ta ba. Ta ɗago ta ce, ke kuma tsayuwar me kike yi? Na farka hannuna na ƙamshi.

Juma'a, 31 ga Agusta

Abban Haula ya tafi Frederick neman masallaci, yaran suka bi shi saboda askirim. Na koma wurin itatuwan ni kaɗai da bokiti da cokalin girki. Na ga wani ɗan tsiro, na ce in ciro shi in kai gida in jera kusa da yakuwa.

Ina cikin tono Edna ta same ni. Ta girgiza kai. Ta ce zai mutu. Saiwarsa doguwa ce, tana tafiya ƙasa sosai, in aka tsinka ta shi ke nan, kuma bokiti ba ya isarta. In ina so, ƙwallo zan ɗauka. Kada ya bushe. A ajiye shi cikin sanyi da danshi duk tsawon hunturu, sannan a sa shi a ƙasa, a wurin da zai zauna. Kuma biyu, don ɗaya ba ya haihuwa shi kaɗai. Na ce yaushe zai yi 'ya'ya? Ta ce shekara bakwai, in an yi sa'a.

Na dube ta da kyau ko Abban Haula ne ya aiko ta da wannan karatun. Ba alama. Maganar itace take yi tsakaninta da Allah. Na mayar da ƙasar, na danna da tafin hannu.

Daga nan ta ce in zo in ga mutanenta. Muka hau wani gangare, muka shiga inuwa mai duhu. Da farko ban ga komai ba, sai ta nuna mini da sanda: duwatsu ƙanana a kafe, wasu sun kwanta, ba rubutu a jikin ko ɗaya. Kakar kakarta na nan, ba ta san wanne ba ne, don haka duk take share wa ganye. Kamar maƙabartar garinmu, da ba suna sai fasasshiyar tukunya. Na cire takalmi ban sani ba.

Na tambaye ta ko ta san asalinsu. Ta nuna gabas da haɓa, ta ce can wani wuri, ƙila ma maƙwabtanku ne. Na ce ba kya son komawa? Ta ce ta je Ghana sau ɗaya, ta yi kuka a bakin teku, an karɓe ta da kyau, sannan ta fara damuwa da wa zai share waɗannan.

Ban san addinin da suka mutu a kai ba. Na ce Allah Ya san su ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a nan.

Asabar, 1 ga Satumba

Rumasa'u na neman cingam a jakata ta ciro gwangwanin. Kafin in kai gare ta ta buɗe. Ta ɗauka kilishi ne ya bushe, saura kaɗan ta sa a baki.

Dole na yi bayani. Muna zaune a matakalar baranda, su biyu a ƙasa, ni a sama. Na faɗa musu tsamiya, da Iya, da yadda take tona rami da 'yar fartanya tana addu'a. Rumasa'u ta ce ƙazanta, ta gudu wurin Abbanta. Haula ta zauna. Ta tambayi wacce ce tata, na nuna mata mai shuɗin ƙyalle. Ta daɗe tana juya ta a tafin hannu.

Ta ce me ya sa ake binnewa? Na ce don yaro ya san inda zai dawo. Ta ce to ita ina za ta dawo? Na buɗe baki. Na so in ce Tudun Wada, sai na tuna kwananta a can bai cika wata ba, kuma rabi da zazzaɓi ta yi shi.

Sai ta juya zuwa Hausa, Hausarta mai tuntuɓe da ban ji ba tun kafin azumi. "Umma, shekara sha huɗu ina cikin gwangwani?" Sannan a hankali, "Ai tawa ce."

Na karɓe na rufe na mayar jaka. Murfin ma ya ƙi zama. Ba ta yi gardama ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 2 ga Satumba

Mun kama hanya. Na cika kula da 'ya'yan itacen, na ce zan daskarar in kai wa Inna, mahaifiyata, a Disamba ta ɗanɗana. Edna ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa mai taurin kai. Ta ba ni leda da jiƙaƙƙen gansakuka don ƙwallaye. Na karɓa don kunya.

Laraba, 5 ga Satumba

An koma makaranta jiya, na koma aiki, na manta da kula a gareji. Duk sun yi baƙi, sun narke. Na tsaya a kansu ina kuka kamar wata sakarya. Na wanke ƙwallayen na sa a ledar Edna, na tura can bayan firij, bayan robar daddawa. Don kada ta ce na raina kyautarta ne kawai.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Yaya Ubale ya kira. Makaranta na tambaya. Na ce a ƙara mini lokaci, ya ce Ɗija, lokacin ba a aljihuna yake ba. Na tambaye shi tsamiya, ya ce tana nan, bana ma ta yi 'ya'ya har reshe ya karye. Gwandar daji fa? Ya yi dariya ya ce yara na kawowa in damina ta faɗi, shi ya girme ta.

Ya ba Inna waya. Ban san me ya ja ni ba, na ba ta labarin gwangwanin, ina jiran ta ce Allah Ya yi mini albarka da riƙon al'ada. Sai ta yi salati. Wai har yanzu? Ta ce ba a barin cibiya a sama, inda ta faɗi nan ake ba ƙasa ita, wa ya ce mini tsamiya ce dole? Tsamiya ita ce inuwar da ke kusa, shi ke nan. Ta ce ta Iya ma tana Damagaram, ta hana ta tsufa a gidanmu? "Kin rataye yara tsakanin sama da ƙasa, sannan kina mamaki."

Na ce Inna layi ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau.

Ina kewar ta. Ina kewar ta har ƙashina. Wannan ba Haula ba ce za ta gane shi, ba Edna ba, ba mai goge tabarau ba. Ni fa da na ce yara nake son kaiwa gida, wa nake son kaiwa?

Talata, 18 ga Disamba

Yau ce ranar da na sa. Ba mu sayi tikiti ba, don haka ba za a ce na fasa ba. Na duba ledar, da sauran danshi.

Asabar, 13 ga Afrilu, 2013

Sanyi ya sake mu. Ƙasa ta yi laushi, tsuntsaye sun dawo da surutunsu.

Ina gyaran firij ne na ga ledar, ba nemanta na yi ba. Ƙwallo biyu sun tsage, wani farin abu ya leƙo. To abin da ya riga ya tsage ai ba a zubarwa. Na shiga gareji na ciro 'yar fartanyar da na zo da ita daga gida a ƙasan akwati, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙasar nan ba. Ta yi tsatsa, amma tana ci.

Can ƙarshen fili, inda inuwar shinge take. Rami biyu. Na kira yaran, na miƙa wa Haula gwangwanin. Ta dube ni, ta dubi ramin. Ta durƙusa ta sa mai shuɗin ƙyalle a ƙasa can, ta rufe da ƙasa kaɗan, na ɗora ƙwallon a kai. Rumasa'u ta sa tata da yatsu biyu tana toshe hanci. Na yi addu'ar Iya, iya abin da na tuna, sauran na cike da nawa. Haula ta ce amin kafin in gama. Abbansu na tagar kicin, tabarau a hannu, ya goge har na ji tsoron gilashin zai huje.

Rumasa'u ta ƙirga a yatsu, ta ce in ya yi 'ya'ya tana da shekara goma sha shida. Ta ce Umma, kina nan lokacin? Na ce wa zai ba su ruwa, ku da ko gadonku ba ku iya gyarawa?

Za mu je gida da dogon hutu, in ga Inna, su ci gwandar dajinmu su ji bambanci. Na gaya wa Yaya ya saki gurbin, ya ce ai tun tuni an ba wasu. Gwangwanin na wanke na zuba allurai.

Ni dai ban ce na zauna ba. Ba na barin shuka ta mutu ne kawai. Gobe zan juye yakuwar ma daga bokiti, tunda fartanya ta riga ta fito.